Gidan da Ji Ya Kori Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da wannan magana na girma, ban kuma taɓa tuhumarta ba sai ranar da ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania a Amurka, ya ɗauke ni a motar aro ya ce zai kai ni in ga wani gida. Na ce gidan wa? Ya ce, "Kawu, ba kowa a ciki, gidan ne kawai ake zuwa gani." Na yi dariya a raina, domin a wurinmu gidan da ba kowa sunansa kango, kuma ban taɓa jin an biya kuɗi don a shiga kango ba. Amma baƙo ba ya gardama da mai masaukinsa, sai na shiga mota.

Tafiyar ta kai kilomita ɗari da ɗoriya, kudu maso gabas, cikin tuddai da daji. Watan Oktoba ne, ganyaye sun rine ja da rawaya suna ta zuba. Daga inda ake ajiye motoci sai an taka da ƙafa an gangara, kuma tun kafin ido ya kai ga komai kunne ya riga shi isa. Ƙarar ruwa ce, ba mai tsanani ba, amma ba ta yankewa. Sai ga wata ƴar gada, sai ga gidan: barandu masu launin ƙasa sun miƙo a kan rafi, wata bisa wata, kamar an jera fayafai a gefen dutse, babu ginshiƙin da ya tallafi bakinsu. Sunan gidan Fallingwater, wato ruwa mai faɗowa. Rafin kuwa Bear Run ake ce masa.

Mai gidan, Edgar Kaufmann, attajiri ne mai katafaren kanti a Pittsburgh. Shi da matarsa Liliane da ɗansu tilo sun saba zuwa wannan daji hutawa, kuma wurin da suka fi ƙauna shi ne inda rafin ke faɗowa daga kan dutse. A ƙarshen 1934 ya kawo mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya ga wurin. A lokacin Wright yana da shekara 67, aiki ya yi masa ƙaranci, mutane da yawa na ganin zamaninsa ya wuce. Abin da Kaufmann ya sa rai shi ne abin da ni da kai za mu sa rai: a gina gida can ƙasa, yana fuskantar magangarar, mutum ya zauna a baranda da shayinsa yana kallo. Da zanen ya fito a 1935, sai ga gidan a kan magangarar kanta. Dalilin da ake ruwaitowa daga Wright shi ne yana son iyalin su zauna tare da ruwan, kada ya zama abin kallo kawai. An yi ginin a 1936 da 1937, aka ƙara masaukin baƙi a 1939. A Janairun 1938 mujallar Time ta sa hoton Wright a bangonta da zanen gidan a bayansa, tsohon da aka ce ya ƙare ya dawo. A 2019 UNESCO ta sa gidan cikin kayan tarihi na duniya tare da wasu gine-ginensa bakwai.

Dole in faɗi gaskiya kafin in fara suka: gidan ya kama ni. Ƙofar shiga ƙarama ce, a ɓoye a bayan gida, lungun kuma matsattse, rufin ƙasa-ƙasa har dogon mutum kan ji kamar ya sunkuya. Kana fita daga wannan matsi sai falo ya buɗe, gilashi ta kowane gefe, daji ya shigo maka ido gaba ɗaya. Daɓen na dutse ne da aka goge da kaki, yana sheƙi kamar duwatsun da ruwa ya jiƙa a cikin rafi. Duwatsun bangon a nan kusa aka fasa su, aka jera su wani ya fito wani ya shige, yadda suke a jikin tudun. A wasu wuraren gilashi ya shiga cikin dutse kai tsaye ba katako ba ƙarfe a tsakani, har ka rasa inda ɗaki ya ƙare waje ya fara. A gaban murhu wani ƙaton dutse ya ɓullo ta cikin daɓe. Ba kawo shi aka yi ba, can yake tun fil'azal, gidan ne ya zo ya same shi. A kansa iyalin ke zama shan hantsi tun kafin a yi ginin, kuma an ce Wright ya so a sassaƙe shi ya yi daidai da daɓe, mai gidan ne ya ce a bar shi. A waje akwai wata gadar kankare da aka lanƙwasa ta zagaye bishiya maimakon a sare bishiyar. A ɗakin karatun mai gidan an yanke wani yanki na tebur don taga ta samu hanyar buɗewa. Cikin falon kuma akwai murfin gilashi da ake turawa, matakala ta sauka daga nan har bakin ruwa, sanyin rafin na hawowa ta wurin ya shiga gida.

Sai na tambayi mai yi mana jagora ta wace taga ake ganin magangarar. Ta yi murmushi irin na wadda ta saba da tambayar. Ba taga. In kana son ganinta sosai sai ka fita, ka bi wata hanya cikin daji ka gangara can ƙasa ka waiwayo. Daga nan ne ake ɗaukar hoton nan da ya zagaye duniya, kuma kusan nan ne Kaufmann ya zaci za a gina masa gida tun farko. Mutum ya kashe dala 155,000 saboda son wani ruwa, aka ba shi gidan da ba ya ganin ruwan.

Tambayar da ta biyo ni cikin mota, ta biyo ni cikin jirgi har Yamai, ita ce wannan: mutumin da ya so wani abu har ya hau kansa ya zauna, girmama shi ya yi ko mallake shi?

Da farko na tsaya a gefen Wright, kuma har yanzu rabin zuciyata na can. Kallo aikin mai iko ne. Kai ke zaɓar lokacin da za ka ɗaga ido, kai ke zaɓar lokacin da za ka kawar, abin da kake kallo kuma yana can nesa cikin firam, kamar hoton da aka rataye. Wanda ya gina gida yana fuskantar ruwa ya mayar da ruwan kayan ado, kuma duk mun san makomar kayan ado: sati biyu ana yabo, daga nan ido ya saba ya daina gani. Kunne kuwa ba shi da murfi. Wanda ke kwana a kan rafi yana jin sa ko yana so ko ba ya so. Ya san an yi ruwa a kan tudu tun kafin a gaya masa, don murya ta canza. Ya san rani ya yi nisa, ya san ƙanƙara ta kama bakin rafi. Haka muke zama da maƙwabci. Ba ka ajiye kujera kana kallon maƙwabcinka, amma kana jin tarinsa da asuba, kana jin dakan matarsa, ranar da ka ji shiru kuma sai ka aika yaro ya dubo. In haka ne, abin da Wright ya ba Kaufmann ya fi abin da ya nema. Ya nemi kallo, aka ba shi maƙwabtaka.

To amma da na tsaya can ƙasa inda ake ɗaukar hoto, sai wani abu ya dame ni. Babu sauran wanda zai ƙara ganin wannan magangara ita kaɗai. Kafin 1936 makiyayi ko maharbi ko yaron ƙauye zai zo ya tarar da dutse da ruwa da ganye. Yau duk wanda ya zo gida yake gani, ruwan ya zama gindinsa. Ni kaina ban yi tafiyar sa'a ɗaya da rabi don rafi ba, kuma dubban da ke zuwa kowace shekara, waɗanda sun haura dubu ɗari, sunan Wright ne ya kawo su. Maƙwabcin kirki ba ya gina benensa a kan rufinka sannan ya ce ai don kusanci ne. Akwai soyayyar da ba ta iya barin abu a inda ta same shi, sai ta sa masa hannu, sai ta sa masa suna. Muna ganinta wajen uban da ke son ɗansa har ya hana shi zama kowa sai inuwarsa. Ba ƙiyayya ba ce, shi ya sa take da wuyar ganewa, mai yin ta ma da zuciya ɗaya yake yi.

Na daɗe ina jujjuya waɗannan biyun ban ga wanda ya kayar da wani ba. Abin da ya matsar da ni gaba shi ne labarin kankaren, wanda ba ya cikin hoto.

Barandun nan da ke reto a iska, tun ranar da aka cire katakan da suka tallafe su suka fara sunkuyawa. Kaufmann ya nemi wasu injiniyoyi su duba lissafin Wright, suka ce rodin da ya tsara ya yi kaɗan. Wright ya fusata har ya yi barazanar barin aikin. A ƙarshe an ƙara rodi fiye da yadda ya zana, kuma duk da haka bai isa ba. Shekara bayan shekara barandar na ƙara sauka, har ta kai kusan santimita 18 a wani gefen. A 1997 aka kafa ginshiƙan ƙarfe na wucin gadi a cikin rafin don kada ta rufta, wato abin da Wright ya gina gidan don ya nuna ba a buƙata. A 2002 aka ɗaga daɓen falo, aka zura igiyoyin ƙarfe a gefen manyan gadojin kankaren, aka ɗaure su tamau, aka mayar da kowane dutse inda yake. Gyaran da aka yi a wannan zagaye ya ci kimanin dala miliyan goma sha ɗaya da rabi. Ga yoyo, wanda ya fara tun iyalin na ciki har suna jera bokitai. Ga danshi da fumfuna. A 1956 rafin ya cika ya shigo gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai kallon hoto bai sani ba.

Wani zai ce to ai an kama ɓarawo, jituwar nan da ake ta yabo ƙarya ce, ado ne a sama, ƙarfe a ƙasa. Ni ban ga haka ba. Abin da na gani shi ne ruwa bai taɓa sa hannu a wata yarjejeniya ba. Mu ne ke cewa jituwa, shi aikinsa yake yi: yana neman ƙasa, yana shiga tsaga, yana cin ƙarfe. Duk wanda ya matso kusa da shi ya ci bashi, kuma bashin ba na biya sau ɗaya ba ne. A nan ne na tuna gidanmu, don wannan bashi na san shi tun ina yaro.

A unguwar Birni ta Damagaram aka haife ni, a gidan ƙasa da kakanmu ya gina da tubali, rufin azara, zaure a gaba, bedi a tsakar gida. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an hau soro an toshe tsaga, an duba indararo. Mu yara mu ne masu ɗaukar ruwa da tattake kwaɓi. Bangon kauri ne da shi, da rana ya shanye zafi, sai dare ya sake shi, shi ya sa a watan Afrilu ɗakin Inna ya fi ko'ina sanyi da tsakar rana. Ƙasar da aka gina shi da ita daga bayan gari aka ɗebo ta, ranar da ya gaji kuma can zai koma ba tare da ya bar wa kowa tarkace ba. In ana maganar gidan da ya fito daga wurinsa, ya san rana da iskar wurinsa, gidanmu bai gaza Fallingwater ba. Ya ma fi shi ta wani gefe, don ba a ɗauko masa siminti da ƙarfe da gilashi daga masana'antu ba. Amma ban taɓa jin wani ya kira shi jituwa da halitta ba. Sunan da muke ba shi, mu da muka yi lakwal, shi ne gidan da ba a riga an gyara ba.

Me ya raba su? Amsa mai sauƙi ita ce kuɗi, kuma ba ƙarya ba ce. An gina Fallingwater cikin shekarun karayar tattalin arzikin Amurka, bayan da a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ya rasa. Pittsburgh a lokacin garin narkar da ƙarfe ne, hayaƙi kan rufe shi har a kunna fitilun titi da rana. A garin Donora da ke kusa, a 1948, hayaƙin masana'antu ya kwanta kwanaki ya kashe mutum ashirin. Kuɗin da ya gina gidan iska mai daɗi daga aljihun masu shaƙar wannan hayaƙi ya fito, tunda su ne masu sayayya a kantin. Ba na cewa Kaufmann ya zalunci kowa, ciniki ya yi, an kuma san shi da hidima wa garinsa. Ina cewa ne kawai akwai waɗanda ke iya fita daga hayaƙi ranar Juma'a da yamma, akwai waɗanda ba sa iyawa. Ko a cikin gidan, ɗakunan ma'aikata suna can sama a tudu, wajen ma'ajiyar motoci. Wani ne ke goge daɓen nan da kaki, wani ke kwashe bokitan yoyo, don wani ya zauna ya saurari ruwa.

Sai dai kuɗi bai gama bayanin ba, kuma bai kamata in yi rashin adalci ba. Bayan rasuwar iyayensa, ɗan nasu ya miƙa gidan da dajin da ke kewaye da shi ga wata ƙungiyar kare muhalli ta yammacin Pennsylvania a 1963, aka buɗe wa jama'a a 1964. Da ba don gidan ba, ba mamaki da tuni an yanka dajin filaye. Wanda ya hau kan rafin shi ne kuma ya zama sanadin kare shi. Wannan ya hana ni yanke hukunci mai sauƙi, ko da yake ban yarda cewa kyakkyawan ƙarshe na wanke duk abin da ya gabace shi ba.

Bambancin da ya fi kuɗi zurfi, a ganina, shi ne zaɓi. Kaufmann na iya gina fada irin ta Turai da marmara, sai ya zaɓi dutsen wurin. Don haka muke yaba masa. Kakana ba shi da wani abin gini sai ƙasa, don haka muke tausaya masa. A zuciyarmu mun ɗauka cewa kyakkyawan aiki sai wanda aka yi alhali ana iya yin waninsa, kamar yadda ba a yabon azumin wanda ba shi da abinci. Akwai gaskiya a nan, kuma ita ce ta sa ni kunya. Amma da na sake dubawa sai na ga ba daidai ba ne a ce talaka ba ya zaɓi. Manomin Maraɗi ko Damagaram da ke barin gawo a gonarsa yana iya sare shi ya sayar da itace a ranar da gidansa ba hatsi. Yana barin sa don ya san gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da irin wannan haƙuri, wanda ake kira sassaben zamani, manoman Nijar suka dawo da itatuwa a kan miliyoyin hekta tun daga shekarun 1980. Wright ya lanƙwasa kankare don bishiya ɗaya, ana nuna wa baƙi har yau. Manomi na lanƙwasa kunyarsa ta zagaye gawo kowace damina, kuma abin da yake sadaukarwa ya fi na Wright tsada a gare shi. Magini ma haka. Falke Barmu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa da ƙasa, har aikin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986, ba rashin sanin siminti ne ya sa shi ba. Sani ne, irin wanda hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 ke tsaye a kansa. Abin da talaka ya rasa ba zaɓi ba ne gaba ɗaya, ya rasa mai ɗaukar hoton zaɓinsa.

Har nan ina jin daɗin kaina, na samu hujja mai kyau. Sai Yaya ya kira ni.

A farkon Satumban 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rufta. Duk ɗan Damagaram ya ji wannan a jikinsa. A daminar nan gidajen ƙasa da yawa sun faɗi a faɗin ƙasar, wasu a kan mutanen da ke barci a ciki. Yaya, wanda shi ke zaune da Inna a gidan, ya ce ya yanke shawara: a rushe, a yi na siminti da kwano. Na fara yi masa bayani. Na kawo kaurin bango, na kawo sanyin ɗaki, na kawo Agadas, har na kawo gidan Amurka da mutane ke biyan kuɗi su gani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kai a wane irin gida kake kwana a Yamai?" Na yi shiru. Gidana na siminti ne, da na'urar sanyaya ɗaki, ranar da aka ɗauke wuta kuma a waje muke kwana don ɗakin ya zama tanda. Ya ce, "Yaushe rabonka da hawa soron nan? In hadari ya haɗo da dare, ni ne ke tashi in haska bango da tocila, ba kai ba."

Ban da amsa, domin ya faɗi daidai abin da na zargi mai kallon hoto da shi. Ni ne ke tsaye can ƙasa cikin daji ina ɗaukar hoto, shi ne ke ciki yana jin ruwa. Ina son gidan nan so na gaskiya, amma irin son da ke buƙatar wani ya zauna a ciki a madadina, ya biya bashin yaɓe, ya kwana da fargaba, don in zo sallah in shafa bango in ji ƙanshin yarinta. Ashe akwai hanyar mallake abu ko da ba ka hau kansa ba: ka hana shi canzawa don kana jin daɗin kallonsa. Yaran da ke tattake kwaɓi a da yanzu suna makaranta ko Libiya. Maginan da suka iya makuba sun tsufa, ƴaƴansu bulo suke bugawa. Ruwan sama na zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci, unguwa ta cika, magudanai sun toshe, ruwa na kwanciya a gindin bango, kuma gindi ne ajalin ginin ƙasa. Fallingwater na da ƙungiya da injiniyoyi da kuɗin tikiti da ke biya masa bashinsa. Gidanmu Yaya kaɗai gare shi.

Duk da haka ban yarda ya gama cin gardamar ba. Kwano da bulo siriri ba tsira ba ne a garin da zafi ke haura digiri 40, canjin bashi ne: ka daina biyan magini, ka fara biyan kamfanin wuta, in kana da shi, in ba ka da shi kuma tsohuwa ta biya da jikinta. Kuma ba dole ne zaɓi ya tsaya tsakanin gidan kaka da tanda ba. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Ana iya yi wa ginin ƙasa tushe na dutse da siminti, a ɗaga shi daga ruwa, a kare kansa. Sai dai wannan ma kuɗi ne da neman gwani, kuma in ni ne ke so, ni ya kamata in ɗauki nauyin, har da nauyin zuwa in tsaya a kan aikin. Son da bai kai ga wannan ba, bai cancanci ya hana Yaya barci ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne mu biyu mun shafe kusan wata muna wannan ja-in-ja ba wanda ya tambayi Inna. Ko Wright, da duk girman kansa, ya saurari mai gida a kan maganar dutsen murhu. Da na kira ta na zayyana mata komai, ba ta ce ƙasa ba, ba ta ce siminti ba. Ta ce ɗakin gabas ya gaji, a rushe shi kafin ya rushe kan jikokinta, a yi shi da duk abin da muka ga dama. Nata ɗakin kuma kada a taɓa shi tana raye, don ba za ta iya kwana a ƙarƙashin kwano ba, in ana ruwa ƙararsa na hana ta jin ko ruwan na kirki ne. Bedin ma a bar shi. Sannan ta tambaye ni ko gidan nan na Amurka da nake ta magana a kai, masu shi suna nan. Na ce sun rasu, ba kowa a ciki. Ta ce, "Allah sarki."

Na aika kuɗin yaɓen bana, na kuma ce zan zo a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, in nemo magini mu duba gindin bangon ɗakinta. Yaya ya ce to, Allah ya kawo ni. Ya ƙara da cewa ya riga ya sayi siminti buhu ashirin, suna jibge a zaure.